Inshorar ɗan haya a Amurka: abin da za ka duba kafin ka sa hannu

Wanda ya kama hayar gida a Amurka, ɗalibi ne da ya zo karatu ko magidanci da ya kawo iyali, sau da yawa ba a miƙa masa makulli sai ya nuna takardar inshora. Babu dokar tarayya da ta wajabta wa ɗan haya yin ta, amma mai gida na iya sa ta cikin sharuɗɗan yarjejeniyar haya, kuma manyan kamfanonin da ke kula da gidaje sun mai da ita al'ada. Abin da mutanenmu suka fi yi shi ne su buɗe waya nan take a ofishin, su zaɓi mafi araha, su biya dala goma sha wani abu, a ba su makulli. Sharaɗi dai ya cika, amma ba a san abin da aka saya ba sai ranar da wuta ta tashi ko aka ɓalle ƙofa.

Takardar da ake sayar wa 'yan haya sunanta HO-4, kuma yawancin kamfanoni sun ɗora tasu ne a kan samfurin da wata cibiya mai suna ISO ta rubuta. Waɗanda suka rubuta ta wani irin gida suke hange: kuɗi na banki, mutanen gida su ne miji da mata da 'ya'ya, sana'a kuma a waje ake yin ta. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Akwai gwal a ƙasan akwati, akwai leshi da shadda da ba a ɗinka ba, wataƙila akwai kuɗin adashi a cikin jaka, akwai ɗan gari da ya sauka tun wata uku da suka wuce bai sami wuri ba, uwargida na kitso a falo ranar Asabar, ga tafiya gida ta wata biyu lokacin hutu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai layin da ya yi magana a kansa a cikin takardar, kuma yawanci layin rage diyya yake yi ko ya hana ta gaba ɗaya. A ganina, waɗannan layukan su ne ma'aunin zaɓe. Bambancin dala uku ko huɗu a kuɗin wata ba shi ne abin dubawa ba.

Sai a fara kawar da wata fahimta da ta yaɗu, cewa ai mai gida yana da inshora. Yana da ita, amma ta gininsa ce: bango, rufi, bututu, da kayan da shi ya girka. Katifarka da tufafinka ba sa ciki. Kuma ba sai wuta ta tashi a ɗakinka kake yin asara ba. Gobarar da aka yi a unguwar Bronx ta birnin New York ranar 9 ga Janairun 2022, a wani bene mai hawa 19, daga hitar lantarki ta tashi a gida ɗaya. Wutar ba ta yi nisa ba, hayaƙi ne ya bi ƙofar da ba ta rufe kanta ba ya cika benen. Mutum 17 suka rasu, takwas yara, mafi yawansu 'yan asalin Gambiya, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka tsira da yawa sun bar gidajensu na wani lokaci, kuma hayaƙi irin wannan idan ya shiga katifa da kujera da tufafi ba kasafai wanki ke fitar da shi ba.

Takardar kashi huɗu ce, kowanne da harafinsa a shafin farko, shafin da ke ɗauke da sunanka da adireshi da adadin kuɗi. C na kayanka ne. D na ƙarin kuɗin zama a wani wuri idan gidan bai zaunu ba. E na alhakin ɓarnar da ka jawo wa wani, a jikinsa ko a dukiyarsa. F kuɗin magani ne kaɗan, yawanci dala 1,000 zuwa 5,000, na baƙon da ya ji ciwo a gidanka ko da ba laifinka ba ne. Kai da iyalinka ba ku cikin F.

Adadin C kai ne za ka faɗa, kuma nan ake fara kuskure. Manhaja za ta nuna maka dala 10,000 ko 15,000, ka ga kamar ya yi yawa tunda ba ka da wani abin kirki. Kada ka ƙiyasta da ka. Ɗauki waya ka kunna bidiyo, ka bi ɗaki-ɗaki, ka buɗe kowace durowa da kowane akwati, kana faɗin sunan abu da inda aka saye shi. Kayan lantarki ka juya bayansu ka ɗauki lambar da ke jiki. Sannan ka zauna ka rubuta, ba kuɗin da ka saya a gwanjo ba, kuɗin da sabonsa zai ci yau a kanti: gado da katifa, kujeru, kafet, talabijin, kwamfuta, wayoyin kowa, tukwane, rigunan sanyi na mutum biyar, takalma, keken yara. Tufafin gida su ne aka fi mantawa. Babbar riga mai aiki, shadda mai tsada, leshi, atamfa turmi ashirin na lefe da ke jibge cikin akwati, a lissafa su har da kuɗin ɗinki. Jami'in kamfani bai san darajarsu ba, kuma ba zai same su a kantin da yake duba farashi ba, don haka hoto da rasit da saƙon da ka tura wa mai shago a Kantin Kwari su ne hujjarka. Bidiyon da jerin kayan ka ajiye su a imel ko wani ma'ajin intanet, domin wayar da ka ɗauka da ita tana iya ƙonewa tare da kayan. Iyali mai yara idan suka yi wannan lissafi da gaskiya, ba abin mamaki ba ne su ga ya haura dala 30,000.

Bayan adadi sai yadda za a ƙiyasta diyya, kuma hanya biyu ce. Ta farko ana taƙaita sunanta da ACV: a biya ka darajar abu a ranar da ya lalace, bayan an cire tsufansa. Ta biyu RCV: a biya ka kuɗin sayen sabo irinsa. Ga kuma kason da kai za ka ɗauka a kowace asara kafin kamfani ya biya ko sisi, wanda suke kira didaktibul, yawanci dala 250, 500 ko 1,000. A ɗauka an sace kwamfutar da ka saya dala 1,200 shekara uku da suka wuce, kamfani kuma ya ce rayuwar irinta shekara biyar ce. A tsarin ACV darajarta ta koma 480. Idan kasonka 500 ne, ba ka da komai. A tsarin RCV, idan sabuwarta tana nan a 1,200, za ka sami 700. Ƙarin kuɗin RCV a wata kaɗan ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mai iyali ya ɗauki ACV ba.

Sai dai RCV ma ba a dunƙule ake biya ba. Idan kayan dala 20,000 suka ƙone, aka ƙiyasta tsufansu 8,000, cakin farko zai zo da 12,000 ban da kasonka na 500, wato 11,500. Sauran 8,000 ba za a sake su ba sai ka sayi madadin kayan ka tura rasit, kuma akwai wa'adi, a takardu da yawa kwana 180 ne na sanar da kamfani cewa za ka nemi cikon. Wanda ya karɓi cakin farko ya yi shiru ya bar sauran. Game da kason kuwa, ka zaɓi abin da za ka iya fitarwa gobe da safe ba tare da rance ba.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. Cikin sashen C akwai wani jeri na ƙananan iyakoki, kuma ko ka sayi inshorar dala 50,000 waɗannan iyakokin ba sa motsi. A samfurin da aka daɗe ana aiki da shi, tsabar kuɗi dala 200 ne kacal, ko sata ce ko gobara. Kayan ado da agogo idan aka sace, dala 1,500. Wasu sababbin takardu sun ɗan ɗaga, amma ɗagawar ba ta taka kara ta karya ba.

Hajiya, wannan dala 1,500 ba na kowace sarƙa ba ne, na duk abin da aka ɗauka ne a haɗe: sarƙa, 'yan kunne, awarwaro, zobba, da agogon maigida. Saitin gwal guda mai karat 21 ko 22 irin wanda ake sayowa daga Dubai ko Saudiyya ya ninka wannan adadi sau da dama, balle yanzu da farashin oza ɗaya ya haye dala 3,000 a Maris na 2025, ya kuma haye 4,000 a Oktoban shekarar. Iyakar ta sata ce kawai. Idan gobara ce, kayan adon na shiga babban adadin C. To amma gwal ai ɓarawo ne babban abokin gabansa. Kuma a lura, gwal ɗin da ba a ƙera shi ado ba, kamar dunƙule ko sulalla da ake ajiyewa don tanadi, ba ya cikin kayan ado, yana cikin layin tsabar kuɗi mai dala 200.

Maganin shi ne a rubuta kowane yanki da sunansa a wani ƙarin shafi da ake liƙa wa takardar. Kamfani zai nemi rasit na kwanan nan ko takardar ƙiyasi daga masanin kayan ado, mai nuna nauyi da giram, karat, hoto da daraja. Kuɗinsa yawanci dala ɗaya zuwa biyu ne a shekara kan kowace dala ɗari, wato gwal na dala 10,000 zai ci 100 zuwa 200. Amfaninsa ya wuce ɗaga iyaka: galibi babu kason da za a cire, kuma ana biya ko da ɗan kunne faɗuwa ya yi a wajen biki ba a san inda ya shiga ba, abin da takardar asali ba ta biya domin ɓata ba sata ba ce. A sabunta ƙiyasin duk shekara biyu ko uku, don adadin da aka rubuta shi ne iyakar abin da za a biya ko da farashi ya ninka. Wadda ta ga kuɗin ya yi mata yawa tana iya kama akwatin ajiya a banki, amma ta sani cewa hukumar FDIC da ke lamunce kuɗin asusu ba ta lamunce abin da ke cikin wannan akwati.

Tsabar kuɗi kuwa ba shi da wata dabara. Uwar adashin da ta tara zubin mutum goma ta kwana da shi a gida, idan aka shiga, dala 200 za a ba ta, sauran kuma amana ce a wuyanta. A zuba ta banki, a kwashe ta banki.

Layi na gaba na kayan sana'a ne: dala 2,500 idan suna cikin gida, ƙasa da haka idan suna waje. Mai sayar da atamfa, turaren wuta, humra ko kilishi daga ɗaki, hajarta nan ta faɗa, haka keken ɗinki na tela. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sashen E baya aiki kan duk abin da ya taso daga sana'a. Idan ruwan zafin da ake tsoma ƙarshen kitso ya zube wa wadda ta zo kitso, ko yaron da ake raino da kuɗi ya faɗo daga kujera, ko wanda ya sayi abinci ya kwanta asibiti, kamfani zai ce ba ruwansa. Ana sayar da ƙarin shafi na ƙaramar sana'ar gida, wani lokaci kuma sai an yi takarda daban. A faɗa wa kamfani gaskiya tun ranar cike fam, domin ɓoye abin da aka tambaye ka na iya zama dalilin soke takardar baki ɗaya. Masu kai saƙon abinci da keken lantarki su yi tambaya ta musamman: takardu da yawa na ɗaukar keken a matsayin abin hawa mai inji, wanda ba sa biya, ga shi kuma kayan sana'a ne. Batirinsa ma abin tsoro ne, shi ya sa birnin New York ya kafa doka a 2023 cewa kada a sayar da keken da bai cika ma'aunin ingancin lantarki na UL 2849 ba.

Su wa takardar ta sani a gidan? Wanda sunansa ke shafin farko, da matarsa ko mijinta idan tare suke zaune, da dangin da ke zaune a gidan, da yaron da bai kai shekara 21 ba da ke hannunsu. Abokin haya da kuke raba kuɗin ɗaki ba ya ciki, ko da garinku ɗaya kuna kiran juna ɗan'uwa. Kowa ya yi tasa ya fi, domin idan kuka haɗa takarda, caki da sunanku biyu zai fito, kuma diyyar da ɗaya ya nema za ta shiga tarihin ɗayan. Wanda kake karɓar kuɗin ɗaki a hannunsa, in ba danginka ba ne, kayansa ba sa ciki sam. Ma'auratan da aka ɗaura musu aure a masallaci amma ba su yi rajista da hukuma ba, kada su bar wa jami'in kamfani fassarar kalmar mata ko miji: a rubuta sunan kowa a shafin farko, yawanci ba a ƙara kuɗi.

Sashen E shi ne wanda mai gida ya damu da shi, kuma shi ne zai iya ceton albashinka na shekaru. Idan wuta ta tashi daga kicin ɗinka ta ci gidaje huɗu, kamfanin inshorar mai gida zai biya shi, sannan a jihohi da dama ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Akwai jihohin da kotunansu suka taƙaita hakan, bisa wani hukuncin kotun Oklahoma na 1975, amma maƙwabtan da kayansu suka ƙone suna da damar kai ƙara ko ta yaya. Mafi ƙarancin da aka saba sayarwa dala 100,000 ne. Ɗaga shi zuwa 300,000 ƙarin 'yan daloli ne a shekara, kuma kuɗin lauyan da zai kare ka kamfani ne ke biya, ba a cire shi daga wannan adadi. Wanda ke zaune a bene mai gidaje da yawa ya ɗauki 300,000. Ƙungiyar NFPA mai nazarin gobara a Amurka ta daɗe tana nuna cewa girki ne kan gaba wajen haddasa gobarar gida, mu kuwa ga suya da mai mai yawa, ga garwashin turare a kasko kan kafet. Idan mai ya kama, a kashe murhu a kifa murfi, kada a zuba ruwa. Na'urar jin hayaƙi da ake cire wa batir saboda turare ya dame ta, a mayar mata da shi.

A cikin wannan sashe akwai wani rami da ko dillalan inshora ba kowa ke ambata ba. Samfurin asali ba ya biyan ɓarnar da ka yi wa gidan da kai kanka kake haya, sai in wuta ce, ko hayaƙi, ko fashewa. Ruwa ba ya cikin ukun nan. Kusan kowane gidan Musulmi ana ɗaura ɗan famfon tsarki mai tiyo a jikin bututun masai. Tiyon nan ba a yi shi don ya zauna cikin matsin ruwa dare da rana ba, shi ya sa ake haɗo shi da ɗan makunni a gindinsa, wanda ya kamata a rufe bayan kowane amfani. Idan aka bar shi a buɗe tiyon ya fashe kuna wurin aiki, ruwan sa'a takwas zai jiƙa daɓen katako, ya tsaga silin na ƙasa. Kayan maƙwabcin ƙasa E zai biya, naka kayan C zai biya, amma daɓe da bangon gidanka na iya zama a wuyanka. Wasu kamfanoni sun ƙara ruwa cikin jerin, wasu suna sayar da shi daban. Ka yi tambayar a rubuce, ka ce: idan ruwa ya ɓalle ta dalilina ya lalata gidan da nake haya, za ku biya mai gida? Ka ajiye amsar. Yoyon da ya daɗe yana ɗiga makonni kuwa yawancin kamfanoni ba sa biya, don haka da ka ga danshi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ka sanar da ofishin gidan ta imel.

Sashen D ƙari kawai yake biya a kan abin da ka saba kashewa. Idan cefanenku na wata dala 600 ne, zaman otal ya sa kuka kashe 900, za a ba ku 300. Adadinsa a samfurin asali kashi 30 cikin ɗari ne na C, wasu kamfanoni ƙasa da haka. Mai C na dala 20,000 yana da 6,000, wanda a otal na dala 200 kwana talatin ne, alhali gyaran gidan da ya ƙone na iya cin watanni. A birni mai tsada a nemi a ɗaga shi.

Takardar HO-4 musibu goma sha shida ta lissafa da suna, irin su gobara, tsawa, guguwa, hayaƙi, sata, ɓarnar 'yan ta'adi, fashewar bututu da daskarewarsa. Abin da ba ya cikin jerin ba a biya. Kuɗin cizo, ɓera da kyankyaso ba sa ciki. Ruwan saman da ya shigo ta tagar da aka bari a buɗe ba ya ciki, sai in iska ce ta fasa ta. Ruwan masai ko magudana da ya yi baya ya ɓullo sai da ƙarin shafi, kuma mai zama a hawan ƙasa ya saye shi. Girgizar ƙasa daban ake saye. A Kalifoniya akwai hukumar CEA da aka kafa a 1996 bayan girgizar Northridge ta 1994, tana sayar wa 'yan haya.

Ambaliya ita ce babba. Duk ruwan da ya taso daga ƙasa ya shigo, HO-4 ba ta biya, kamar yadda 'yan hayan Houston da yawa suka gane bayan guguwar Harvey a 2017. Gwamnatin tarayya tana da shirin inshorar ambaliya mai suna NFIP tun 1968, wanda yanzu yake ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ta FEMA, inda ɗan haya zai iya yi wa kayansa inshora har dala 100,000. A sani cewa sai bayan kwana 30 da saye take fara aiki, don haka ba a jiran sanarwar guguwa, kuma da tsarin cire tsufa take biya. Mai zama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuma, wanda sababbin zuwa ke kamawa saboda araha, ko wannan shirin ba ya biyan gadonsa da tufafinsa, sai 'yan abubuwa kamar injin wanki da firiza. Lokacin da ragowar guguwar Ida ta sauka a New York a farkon Satumban 2021, mutum 11 ne suka rasu a irin waɗannan ɗakuna. A nan maganar ta wuce ta kaya.

Mai tafiya gida ko aikin Hajji ya kula da abu biyu. Na farko, idan lokacin sanyi ne kada ya kashe ɗumama gida don rage kuɗin wuta. Takardar ta ce ba za a biya ɓarnar daskarewar bututu ba sai in an kula da ɗumin gidan ko an rufe ruwa an tsiyaye bututun. A bar ma'aunin a 55 na Faranhait, kusan 13 na Salshiyos, a kuma sa wani ya riƙa leƙawa. Ko Texas da ake ganin ba ta da sanyi, bututu sun fashe a gidaje masu ɗimbin yawa a Fabrairun 2021. Na biyu, a samfurin asali kayanka suna da kariya a ko'ina a duniya, ko a Kano aka ƙwace wayar ko a Makka, matuƙar ka kawo rahoton 'yan sanda na wurin. Amma wasu kamfanoni sun rage wannan zuwa kashi 10 cikin ɗari, wasu takardun da ake sayarwa a yankin birnin New York ma sun cire satar waje sai an saye ta daban. Kayan da ka saba bari a wani gidanka, kamar na gida Najeriya ko Nijar, iyakarsu kashi 10 cikin ɗari na C ko dala 1,000, wanda ya fi yawa. Jakar da aka fasa mota aka ɗauka, wannan inshorar ce ke biya, ba ta mota ba.

Farashi ba shi da yawa. Alƙaluman NAIC, ƙungiyar kwamishinonin inshora na jihohi, sun nuna matsakaicin kuɗin shekara a wajen dala 170 zuwa 180 a shekarun baya-bayan nan; ya fi haka a jihohin guguwa irin su Mississippi da Louisiana, ya gaza haka a irin su Wisconsin da Dakota. Ka nemi farashi daga kamfani uku da adadi iri ɗaya a kowane sashe, in ba haka ba kwatancen ba shi da ma'ana. Fara da kamfanin da ke yi wa motarka inshora, don haɗa biyun na kawo rangwame. Yawancin jihohi sun yarda a duba tarihin bashinka wajen yanka farashi, abin da ke cutar sabon zuwa da bai gina tarihi ba. Kalifoniya, Maryland da Massachusetts sun hana. Ƙarfin aljihun kamfani ana duba shi a ma'aunin AM Best, cibiyar da ke auna kamfanonin inshora, yawan ƙorafi kuma a shafin NAIC, inda 1.00 ke nufin daidai da girman kamfanin, abin da ya haura sosai kuma alama ce ta wahalar biya.

Ka yi hattara da abin da ofishin gidan zai ce a ƙara maka a kan kuɗin haya, dala goma ko sha biyar a wata. Sau da yawa wannan ginin mai gida kawai yake karewa, kayanka ba sa ciki ko kuma ɗan kaɗan ne. Idan mai gida ya ce a sa sunansa a takardarka, a sa shi a matsayin wanda za a riƙa sanarwa idan an soke ta, ba a matsayin wanda kuke raba kariya da shi ba. Kuma idan da hali a biya na shekara gaba ɗaya, domin katin banki da wa'adinsa ya ƙare ya isa a soke takarda bayan gargaɗin da a wurare da yawa kwana goma ne.

Akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, kuma damuwarsa tana da tushe. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979, Najeriya ma hukumar NAICOM ta fitar mata da ƙa'idoji a 2013. Wasu malamai, irin su Shaikh Mustafa al-Zarƙa na Siriya, sun halatta ta kasuwancin. A Amurka takaful na 'yan haya ba ya samuwa a saukaƙe, ga shi kuma mai gida ya sa ta sharaɗi. Mutum ya kai wa malamin da ya san zaman ƙasar takardar hayarsa ya yi masa bayani.

Ranar da abu ya faru, bayan an tabbatar kowa lafiya, a ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa komai. Idan sata ce a kira 'yan sanda a karɓi lambar rahoto, don sharaɗi ne a takardar. A sanar da kamfani a ranar ko washegari. A yi abin da zai hana ɓarna ƙaruwa, kamar rufe ruwa da ɗage kaya daga jiƙaƙƙen kafet, amma kada a zubar da abin da ya lalace sai jami'in tantancewa ya gani. Kowane rasit na otal, abinci da wanki a adana. Idan kamfani ya aiko da fam ɗin rantsuwa kan asara, yawanci kwana 60 gare ka ka mayar. Wajen rubuta jeri a faɗi suna da samfuri da girma: wanda ya rubuta "talabijin" kawai, mafi arahar talabijin za a ƙiyasta masa. Kada a ƙara ko cokali ɗaya da babu shi, domin ƙarya a abu ɗaya na rushe diyyar duka, kuma laifi ne da ka iya taɓa takardun zaman baƙo. Asarar da ta ɗara kasonka da kaɗan gara ka haƙura da ita, saboda duk neman diyya na shiga rumbun CLUE na kamfanin LexisNexis ya zauna har shekara bakwai, sauran kamfanoni na gani su ƙara maka kuɗi. Idan an ƙi biya, ka nemi a rubuto maka layin da aka dogara da shi, sannan ka kai ƙorafi hukumar inshora ta jiharka. Kyauta ne, kuma dole kamfani ya ba ta amsa.

Idan za ka tashi, ka kira kamfani kafin ranar kwasar kaya a canza adireshi. Samfurin asali yana bin kayanka zuwa sabon gida na kwana 30 daga ranar da ka fara kwasa, bayan haka kariyar na iya raguwa ƙwarai in ba a gyara takardar ba. Idan kuma wata jiha za ka koma, yawanci sabuwar takarda za a rubuta, sai ka sake duba layin gwal, layin ruwa da sunayen mutanen gida tun daga farko.